Saba biyu, amma albashi bai fita ba: yadda ake gina tsarin aika fayil da ba ya fashi

Ranar Alhamis ce ta ƙarshen wata, an idar da la'asar ke nan, akantan wani kamfani da nake kula wa da na'urori a Sharaɗa ya kira ni. Fayil ɗin albashi bai isa banki ba. Ma'aikata sun fara leƙa waya suna jiran alat, gobe kuma Juma'a. Na hau babur na nufi can. Ko da na shiga ɗakin na'urori, sai na tarar babbar kwamfutar da ke aika fayilolin, wadda muke kira saba, ta mutu murus, akwatin wutarta ya ƙone. Hankalina bai tashi ba, domin wata shida kafin nan mun girka ta biyu a gefenta saboda irin wannan rana. Ta biyun kuwa ta farka, fitilunta kore shar, ta karɓi adireshin 'yar'uwarta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Amma fayil yana nan zaune daram.

Manaja ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Injiniya, ba kai ka ce mu sayi biyu ba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To ina amfanin ta biyun?"

Ban ba shi amsa a lokacin ba. Amsar ce wannan rubutun.

Mu fara da ita manhajar aika fayil ɗin. Mutane da yawa sun ɗauka zamanin aika fayil ya wuce tun da komai ya koma kan waya. Ina! Jerin albashin da ke zuwa banki fayil ne. Lissafin cinikin da rassa ke turo wa hedkwata da daddare fayil ne. Takardun kayan da mai fitar da riɗi ko zoɓorodo daga Dawanau ke musaya da kamfanin jirgin ruwa, su ma haka. Hanyar farko ta wannan aiki, FTP, tun 1971 aka fitar da ita, aka daidaita ta a 1985, kuma a buɗe take tura kalmar sirri, duk wanda ya kasa kunne a kan layi zai gani. Shi ya sa aka koma SFTP, wadda ke lulluɓe komai, ta shiga ta ƙofa mai lamba 22. Manyan ma'aikatu kuma ba sa tsayawa nan. Sukan sayi manhaja irin su MOVEit, GoAnywhere, Globalscape EFT ko Connect:Direct ta IBM, waɗanda ban da aikawa suna riƙe jadawali, su san ƙarfe nawa za a ɗauki wane fayil a kai wa wa, su sake gwadawa in layi ya katse, su rubuta wanda ya turo da wanda ya karɓa. Wato dillali ne da magatakarda a jiki ɗaya. Ranar da ya kwanta, babu wanda zai lura sai kuɗi sun ƙi fita.

Tsarin hana shi kwanciya shi ne abin da injiniyoyi ke taƙaitawa da haruffa biyu, HA. Ni dai "aiki ba fashi" nake ce masa. Masu tallan manhaja suna auna shi da yawan lamba tara a cikin kason lokacin da tsari ke tsaye. In aka ce maka tsari yana tsaye kashi 99 cikin ɗari, za ka ji kamar ya gama haɗuwa, alhali ma'anarsa kwana uku da awa 15 a kwance duk shekara. Kashi 99.9 awa takwas ne da minti 46. Kashi 99.99 minti 52 da rabi. Abin da ba sa faɗa shi ne, lissafin na sarƙa ne. In saƙonka sai ya bi ta abu huɗu, wuta, saba, rumbun ajiya da layin intanet, kowanne kuma yana da kashi 99, to jimlarsu ta sauko wajen kashi 96, kusan mako biyu ke nan a shekara. Ƙara saba ta biyu zobe ɗaya kawai ka gyara a cikin sarƙar.

Hanya biyu ake bi. Ta farko tsarin liman da na'ibi ne: ɗaya na aiki, ɗaya na zaune tana jira. Suna da adireshi guda na gamayya wanda shi duniya ta sani, yana hannun mai aiki. Duk daƙiƙa ɗaya mai aikin takan aika wa ta jiran gaisuwa, alamar tana nan lafiya. In aka yi kamar gaisuwa uku shiru, sai ta jiran ta ɗauki adireshin ta shige gaba. Manhajar Keepalived na yin wannan kyauta, haka Pacemaker da Corosync a kan Linux, Windows Server ma na da nasa. Hanya ta biyu, duka biyun ne ke aiki lokaci ɗaya, sai a sa mai raba layi a gabansu, kamar HAProxy ko F5, ya riƙa cewa kai bi nan, kai bi can. Wannan ta fi ɗaukar lodi, ta fi kuma tsada da rikici. Shi mai raba layin ma sai an yi masa na'ibi, in ba haka ba an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Duk wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai sayar da kaya zai haɗa maka shi a wuni guda ya karɓi kuɗinsa. Wahalar tana cikin tambayar da ba a cika yi ba: me ta biyun ta sani?

Ɗauki misalin shago a Kantin Kwari. Alhaji na da yara biyu, don in ɗaya bai zo ba ɗaya ya buɗe. Yau babban yaron zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙaramin ya iso tun ƙarfe takwas. Sai dai makullin shago na aljihun mara lafiya, littafin bashi na ƙarƙashin matashinsa, kuma dilan da ke kawo atamfa bai taɓa ganin fuskar ƙaramin ba, ya ce ba zai sauke masa kaya ba. Yaro ya zo, shago bai buɗe ba. Abin da ya same mu a Sharaɗa ke nan, tiryan-tiryan.

Bankuna ba sa buɗe ƙofarsu ga kowa. Sukan karɓi adireshinka su rubuta a katangar tsaronsu, duk wanda ya ƙwanƙwasa daga wani adireshi daban ko kallo bai ishe su ba. Mu kuwa mun kula da adireshin shigowa, mun manta da na fita. Sabarmu ta biyu ta riƙe adireshin gamayya don karɓar baƙi, amma da ta tashi zuwa banki sai ta fita da nata na kanta, wanda bankin bai sani ba. Gyaran layi biyu ne kacal a na'urar da ke bakin ƙofar kamfanin, a sa duk abin da zai fita, daga ta farko ko ta biyu, ya fita da adireshi ɗaya. Gano shi ne ya cinye mana har bayan isha'i.

Da asuba wata sabuwa ta ɓullo. Rassan da ke turo lissafin ciniki da daddare, ko ɗaya bai shigo ba. A tsarin SFTP kowace saba tana da makullin shaida nata, tamkar zanen yatsa. Na'urar da ta taɓa hulɗa da ita takan adana wannan zane. In wata rana ta zo adireshin da ta saba zuwa ta ga zanen ya canza, sai ta ɗauka ɗan damfara ne ya tare hanya, ta ja da baya. Daidai ta yi, don haka aka gina ta. Mu ne ba mu kwafi makullin ta farko mun ɗora wa ta biyu ba. Mutum ne a zaune da ya danna "na yarda" ya wuce, amma aikin ƙarfe biyun dare babu mai danna masa komai.

Saboda haka kafin a ce an gama, sai an zauna an lissafa duk abin da ke aljihun ta farko: makullan shaida, makullan da ake shiga wurin wasu da su, makullan PGP na kwance fayil ɗin da aka ɗaure, takardun shaidar tsaro da ranar ƙarewarsu, sunayen masu shiga da izinin kowa, jadawali, har da lasisin manhajar, domin wasu kamfanonin suna ɗaure lasisi da na'ura guda. Manhajoji masu tsada suna zuba yawancin wannan cikin kundin bayanai ɗaya da duka sabobin ke karantawa, su kuma fayilolin a ajiye su a rumbu ɗaya da kowacce ke iya buɗewa ta hanyar NFS ko SMB. Madalla. Amma ka lura da abin da ya faru: yanzu kundin da rumbun su ne wuyan tsarin. Saba biyu a kan rumbu ɗaya, in rumbun ya tafi duk sun tafi. Dole shi ma kundin a yi masa tagwai, da manhajar Patroni in kundin na PostgreSQL ne, ko Always On in na SQL Server ne. Rumbun kuma ko dai a sayi mai kai biyu, ko a sa DRBD ya riƙa kwafe faifai zuwa faifai. A nan ne kuɗin da aka kiyasta da farko yake ninkawa, a nan ne kuma manaja yake fara kallonka a kaikaice.

Sai maganar fayil ɗin da mutuwa ta riska a tsakiyar hanya. Kada wani ya ruɗe ka cewa ta biyu za ta cafe shi a sama ta ƙarasa. Haɗin ya yanke, sai mai aikowa ya sake ƙullawa. Abin da ake iya yi shi ne a ci gaba daga inda aka tsaya, SFTP na ba da damar haka, FTP ma na da umarnin REST, amma sai in rabin da ya riga ya shigo yana rumbun da ta biyun ke gani, kuma manhajar mai aikowa ta iya. Haɗarin da ya fi wannan shi ne a ɗauki guntun fayil a zaci cikakke ne. Jerin albashin mutum ɗari biyar ya yanke a kan na ɗari uku, a biya waɗannan, sauran su kwana suna zagin akanta. Maganinsa tsoho ne kuma ba ya cin ko sisi: fayil ya shigo da sunan wucin gadi, sai ya kammala a sauya masa suna zuwa na gaskiya, mai ɗauka kuma kada ya taɓa komai sai mai sunan gaskiya. In da hali a haɗa shi da lambar tantancewa ta SHA-256, wadda ko harafi ɗaya ya canza a fayil ɗin ba za ta yi daidai ba.

Kishiyar wannan ta fi muni, wato a aika abu sau biyu. Ta farko ta tura fayil, banki ya karɓa, kafin ta rubuta "an aika" a kundi ta faɗi. Ta biyu ta tashi, ta duba kundi, ta ga ba a aika ba, ta sake turawa. Wanda ya taɓa bin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su dawo da albashin da ya shigo musu sau biyu ya san abin da nake nufi. Don haka kowane fayil na kuɗi ya zama yana da lamba tasa da ba ta maimaituwa, a kuma yi yarjejeniya da mai karɓa cewa in ya ga lamba ɗaya sau biyu ya ƙi ta biyun. A tsarin da duka biyun ke aiki kuwa, sai an tabbatar jadawali na hannun ɗaya, ko kuma duk wadda za ta ɗauki aiki ta fara kafa masa alama a kundi cewa nawa ne, don kada ƙarfe huɗu ta buga su yi rububin fayil ɗaya.

Yanzu ga matsalar da ta fi hana ni barci. Ta jiran ta daina jin gaisuwa. Ta yaya za ta san 'yar'uwarta mutuwa ta yi, ko kuwa wayar da ke tsakaninsu ce ɓera ya ci? Daga inda take zaune, shirun iri ɗaya ne. In ta shige gaba alhali ta farko na nan da ranta, an samu shugaba biyu, kowacce na amsa adireshi ɗaya, kowacce na rubutu a rumbu, bayanai su dagule ta yadda ko an gyara wayar ba a san na wa za a ɗauka ba.

Duk mai janareto a Kano ya riga ya san maganin, ko da bai san ya sani ba. Dubi canji-oba da mai wayarin ya kafa maka a bango. Hannunsa ko dai ya kama wutar gari, ko ya kama ta inji. An ƙera shi ne yadda ba zai taɓa haɗa biyun ba, ba wai an dogara da cewa yaron gida zai tuna ba. Haka ake so a nan. Kafin ta biyu ta karɓi aiki, sai ta fara yanke wa ta farko wuta da kanta, ta hanyar katin sarrafa na'ura daga nesa ko soket mai karɓar umarni. Masu Pacemaker suna kiran wannan STONITH, ma'anarsa a harbe ɗayar a ka. Sunan babu daɗi, amma babu kwana-kwana a cikinsa. Sannan a ƙara mai shaida na uku, ko da 'yar ƙaramar kwamfuta ce a wani ofis, domin biyu ba sa yanke hukunci da rinjaye, uku kuwa suna yi. Duk wadda ta ga ita kaɗai ce a ɓangarenta, sai ta sauka da kanta. Na sha ganin an kashe wannan sashe don wai yana damun mutane lokacin girkawa. Wanda ya yi haka ya cire canji-oba ya haɗa wayoyin da hannu.

Tsawon jiran ma abin dubawa ne. In ka gajarta shi, layi na ɗan yin tari sai sabobin su fara miƙa wa juna aiki kamar ƙwallo. In ka tsawaita, an daɗe a tsaye. Ga aikin fayil, wanda dama mai aikowa zai sake gwadawa, jiran rabin minti bai taɓa kashe kowa ba.

To, a ina za a ajiye ta biyun? Nan ne Kano ke da nata hukuncin. Saba biyu a ɗaki ɗaya, kan inbata ɗaya, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ɗaya, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba su da bambanci da saba ɗaya. Ƙurar hunturu kuma ba ta zaɓar wadda za ta toshe wa fanka. A ƙarshen Oktoban 2024 Kano da akasarin Arewa sun shafe sama da mako guda a duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir da ake lallaɓawa da shi ya faɗi. A wannan makon, tsarin kowa ya koma kan tambaya ɗaya, wa ke da dizal. Layin intanet ma haka. Kana iya biyan kamfani biyu, ashe wayoyinsu na faiba a rami ɗaya suke kwance a gefen titi, katafilar masu aikin hanya ta tsinke su a tare. Ka tambaye su ta ina wayarsu ta biyo, in ya yiwu ɗaya ta zama ta iska. Ko a sama can haka abin yake: ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa kusan lokaci guda, manhajojin bankuna suka yi ta wahalar da jama'a a faɗin ƙasar nan.

Sai mutum ya ce to a kai ta biyun Legas mana. Ana iya yi, amma nisa na da farashi. Haske a cikin faiba yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Kano zuwa Legas wajen kilomita dubu ne, zuwa da dawowa ba zai gaza kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba, a aikace ma ya fi haka. In ka ce duk rubutun da aka yi a Kano sai Legas ta amsa kafin a wuce, aiki zai yi nauyi, kuma ranar da layi ya katse sai ka zaɓa tsakanin tsayawa da ci gaba ba kwafi. In ka ce Legas ta riƙa biyowa a baya, to ranar da Kano ta faɗi za a rasa abin da bai ƙarasa isa ba. Ba injiniya ke yanke wannan ba. Masu kamfani ne za su faɗi minti nawa za su iya jure tsayuwa, da kuma aikin minti nawa za su iya jure asararsa. Ra'ayina ga matsakaicin kamfani a Bompai ko Challawa: liman da na'ibi a nan gida, kowanne da wutarsa da layinsa, sannan kwafi mai biyowa a baya a wani gari. Tsarin da duka ke aiki lokaci ɗaya a bar wa bankuna da kamfanonin sadarwa masu ma'aikatan kwana.

Kada kuma a ɗauki tagwaitawa a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Abin da ka goge a nan, cikin ƙiftawar ido an goge shi a can. In ɓarayin intanet suka ɗaure fayilolinka, ɗaurarrun za a kwafa. Kuma irin wannan manhaja ta zama abin farautarsu, don nan ne bayanai masu tsada ke taruwa. A ƙarshen Mayun 2023 gungun Cl0p suka yi amfani da wata kafa a MOVEit suka kwashi bayanan ma'aikatu sama da 2,000, ciki har da na ma'aikatan BBC da British Airways, ta hannun kamfanin da ke yi musu lissafin albashi. Watanni kaɗan kafin nan GoAnywhere ce ta sha irin wannan. Saba goma ma da kake da su a ranar, duk kafa ɗaya gare su. Inda tagwaitawa ke taimakawa shi ne wajen toshe kafar: ka sabunta ta jiran, ka mayar da aiki kanta, ka sabunta ɗayar, ba tare da ka jira daren Lahadi ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukuma in an yi satar bayanan mutane mai haɗari, saboda haka fayil ɗin da ya isa inda za shi a share shi daga rumbu, kada sabar aikawa ta zama sito.

Tun daga waccan Alhamis muka sa doka a kamfanin: duk bayan wata uku, ranar Asabar da hantsi, ana cire wa mai aiki wuta da gangan, ana tsaka da tura babban fayil na gwaji. Ba a rufe ta cikin lalama, fizge wayar ake yi, domin haka wuta ke ɗaukewa. Akanta na zaune da jerin abokan hulɗa yana duba ko kowa ya samu nasa, sau ɗaya, cikakke. Karon farko manaja da kansa ya zo, ya harɗe hannu.

"Ka tabbata, injiniya?"

"Ban tabbata ba, ranka ya daɗe, shi ya sa za mu cire."

Na fizge. Adireshi ya koma cikin 'yan daƙiƙoƙi, banki ya amsa, rassa suka shigo. Fayil ɗaya ne ya maƙale, na wani dila da ke ɗaure nasa da PGP. Ashe watan da ya wuce ya sauya makulli, wanda ya karɓa ya ɗora a saba ta farko kawai ya tafi sallar Juma'a.